Auna Aikin Kwamfuta Kafin Sayen Sabuwa

LAFIYA — A ofisoshi da shagunan garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, kukan da aka fi ji game da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, shi ne cewa ta yi nauyi. Mai kantin magani na jiran rasit ya fito alhali layi ya kai bakin ƙofa. Akawu na jiran lissafin albashi ya kammala a ƙarshen wata. Mai shagon intanet na kallon allo yana ta juyawa ranar rufe rajistar jarrabawa. Shawarar da aka saba bayarwa kuwa guda ɗaya ce, a sayi sabuwa mai ƙarfi. Sau da yawa akan kashe kuɗin, a kawo na'urar, bayan mako biyu a tarar ba ta sake zane ba.

Dalili shi ne, an sayi magani ba tare da an san ciwon ba. Akwai wasu kayan aiki da masu rubuta manhaja ke amfani da su fiye da shekara 50 ke nan, waɗanda aikinsu kawai shi ne su nuna inda lokacin kwamfuta ke tafiya, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ana iya kiransu ma'aunan aikin manhaja. Galibinsu kyauta ne, kuma ɗan kasuwa ba ya bukatar ya iya sarrafa su da kansa. Abin da yake bukata shi ne ya san suna nan, ya kuma nemi a nuna masa sakamakonsu kafin ya sa hannu a kan takardar sayen kaya.

Lamarin ya ƙara muhimmanci a Lafiya saboda yadda harkoki suka koma kan na'ura cikin ɗan lokaci. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, garin ya tashi daga kasuwar doya da riɗi da shinkafa ya zama mazaunin ma'aikatun gwamnati, da rassan bankuna, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka kafa a shekarar 2011. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a shekarar 2015. Sa'an nan sai ga ƙarancin takardun kuɗi na watannin Fabrairu da Maris na shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin Naira, abin da ya tilasta wa dillalin hatsi da mai shayi karɓar kuɗi ta waya. A wannan lokaci manhajojin bankuna da dama sun riƙa tsayawa cik saboda yawan jama'ar da suka afka musu lokaci guda, kuma duk wanda ya yi ciniki a wancan zamani ya san abin da jinkirin na'ura ke jawowa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar batun ita ce a dubi sana'ar da mutanen Lafiya suka sani sarai, watau gyaran shinkafa. Shanshera takan bi matakai kafin ta shiga buhu: a jiƙa ta, a turara, a shanya, sa'an nan a kai ta inji a cashe. Idan damina ta sa shanya na cin kwana uku, mai injin da ya ci bashi ya sayo injin casa mai ninkin gudu bai ƙara buhu ko ɗaya ba a mako. Sabon injin zai gama abin da aka ba shi da wuri, ya zauna yana jiran shinkafar da ke kan daɓe. Haka kwamfuta take. Ƙwaƙwalwarta, wadda ma'aikata ke kira furosesa, ita ce injin casa, amma aiki na bi ta wasu matakai da yawa: ɗauko bayani daga faifan ajiya, neman suna a rumbun bayanai, aika saƙo ta intanet da jiran amsa daga wata babbar kwamfuta da ke Abuja ko Legas ko ma Turai.

Wani injiniyan Amurka mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan a lissafi tun shekarar 1967, kuma har yau ana kiran ƙa'idar da sunansa. Alal misali, a ce fitar da rasit na cin daƙiƙa 10, daga ciki ƙwaƙwalwar na aiki na daƙiƙa 2 ne kawai, sauran 8 jiran intanet ne. Idan aka sayo na'urar da ta ninka ta da gudu, daƙiƙa 2 za su koma 1, rasit ya fito a daƙiƙa 9. An kashe dubban ɗaruruwan Naira domin rage kashi 10 cikin ɗari. Ko da a ce za a sami ƙwaƙwalwar da ke gama aikinta nan take, ba za a sauka ƙasa da daƙiƙa 8 ba.

Saboda haka awo na farko shi ne a raba lokacin aiki da lokacin jira. A kan na'urori masu amfani da Linux, waɗanda su ne akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, akwai wani ɗan umurni mai suna time da ke ba da alƙaluma uku bayan an gudanar da aiki. Na farko shi ne lokacin da agogon bango ya ƙirga. Na biyu shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta ɓata tana aikin manhajar kanta. Na uku kuma lokacin da ta ɓata tana yi wa manhajar hidima, kamar buɗe fayil. Idan aka haɗa na biyu da na uku aka ga sun kusa kai na farko, to, ƙwaƙwalwar ce ke ɗauke da nauyin. Idan kuwa agogon bango ya nuna minti guda, sauran biyun ba su kai daƙiƙa 5 ba, na'urar zaman jira take yi, sai a nemi abin da take jira.

A kan Windows, wadda ita ce a yawancin ofisoshin Lafiya, akwai Task Manager, da ke tare da ita tun shekarar 1996. Danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare kan buɗe shi, ya nuna kashi nawa na ƙwaƙwalwa, da ma'adanar wucin gadi, da faifai, da layin sadarwa ake amfani da shi, da kuma manhajar da ke ci. Ko mai shago da kansa na iya duba wannan a daidai lokacin da na'ura ta yi nauyi. Sai dai akwai wani tarko da ke ruɗar har da wasu masu gyara. Ƙwaƙwalwar zamani ta ƙunshi sassa da yawa masu aiki kafaɗa da kafaɗa, huɗu ko takwas ko fiye. Tsofaffin manhajoji da dama ba su iya raba aiki ba, sashe ɗaya kawai suke ɗora wa kaya. A na'ura mai sassa 8, idan ɗaya ya cika maƙil sauran na hutawa, allon zai nuna kusan kashi 12 ko 13 cikin ɗari, mai kallo ya ɗauka babu matsala. Sayen na'ura mai sassa 16 a irin wannan hali daidai yake da ɗaukar 'yan dako 16 alhali ƙofar sito mutum ɗaya take ɗauka.

Waɗannan kayan suna nuna wace manhaja ce ke cin lokaci. Ainihin ma'aunan kuwa sukan shiga cikin manhajar su nuna wane ɓangare nata ne, har wane layi na rubutun. Hanyoyi biyu suke bi. Ta farko kamar a ajiye malami ne a ƙofar kowane ɗaki na masana'anta da littafi da agogo, yana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Wannan na ba da ƙidaya cikakkiya, amma rubuce-rubucen kansa na rage gudun aikin, wani lokaci har ya sauya abin da ake son aunawa. Hanya ta biyu kamar maigida ne da ke leƙowa lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba, yana lura da abin da kowa ke yi. Idan ya leƙo sau 100 ya tarar da ma'aikata a wurin ɗinkin buhu sau 70, ya san inda lokaci ke tafiya ba tare da ya tsayar da kowa ba. Ma'auni irin wannan kan leƙa ƙwaƙwalwar kwamfuta sau ɗari ko sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma da yake nauyinsa kaɗan ne, ana iya kunna shi a kan na'urar da ke cikin aiki, abokan ciniki ba su sani ba.

Ɗaya daga cikin muhimman matakai a tarihin abin shi ne wani bincike da Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya wallafa a shekarar 1971, bayan ya auna tarin manhajojin da aka rubuta da harshen FORTRAN. Ya gano cewa abin da bai kai kashi 4 cikin ɗari na rubutun manhaja ba shi ne kan cinye fiye da rabin lokacin gudanar da ita. Ma'anar wannan ga mai biyan kuɗi a bayyane take: ba lallai ne a rushe manhaja a sake sabuwa ba, ɗan wuri ne ake nema, kuma masu rubutun da kansu sukan yi kuskure idan aka ce su yi hasashen wurin ba tare da awo ba. A shekarar 1982 Susan Graham da Peter Kessler da Marshall Kirk McKusick na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da gprof, wanda ya ƙara da nuna wane ɓangare ne ya aiki wane, ta yadda za a san wanda ya yi aikin da kuma wanda ya sa shi. Linux ta sami nata ma'auni mai suna perf a shekarar 2009. A shekarar 2011 kuma Brendan Gregg ya ƙirƙiro wani zane mai kama da harshen wuta, inda faɗin kowane tubali ke nuna rabon lokacin da wani ɓangare ya ci. Wannan zane shi ne ya fi dacewa mai kamfani ya nema, domin ko wanda bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya nuna tubalin da ya fi faɗi ya tambaya mene ne shi.

A yau kusan kowane harshen rubuta manhaja na da nasa. Masu aiki da Python na da cProfile, masu PHP, wanda da shi aka gina ɗimbin shafukan makarantu da na kamfanoni, na da Xdebug, kamfanin Intel na da VTune, masu manhajar waya kuma na da ma'aunin da ke cikin Android Studio.

Misalin da ya fi shahara a 'yan shekarun nan ya fito ne daga harkar wasannin kwamfuta, wadda kasuwa ce ta biliyoyin dala. Kamfanin Rockstar ya fito da wasan GTA Online a shekarar 2013, kuma shekara da shekaru masu wasan na kukan cewa yana daɗewa kafin ya buɗe. A watan Fabrairun shekarar 2021 wani masani mai zaman kansa, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ya ɗora wa wasan ma'auni. A na'urarsa buɗewar na cin kimanin minti 6, kuma ya lura cewa cikin mafi yawan lokacin sashe ɗaya ne tak na ƙwaƙwalwa ke aiki, faifai da intanet na zaune. Da ya bi sawu sai ya tarar wasan na karanta wani jerin kayayyaki kusan 63,000, kuma duk lokacin da zai ɗauki abu ɗaya sai ya sake ƙirga tsawon sauran fayil ɗin har ƙarshe. Daɗin daɗawa, yana gwada kowane abu da duk waɗanda suka gabace shi don kada a maimaita, gwajin da ya kai kusan sau biliyan 2. Da ya gyara wuraren biyu, lokacin ya sauko ƙasa da minti 2, ragin kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin ya tabbatar da binciken a watan Maris na shekarar, ya gyara wasan, ya kuma ba shi ladan dala 10,000.

Irin wannan cuta ce ke kama manhajojin shaguna da makarantu, kuma tana da wata alama da ya kamata 'yan kasuwa su gane. Manhajar kan yi gudu ranar da aka kawo ta, lokacin da kaya 500 ne kawai a cikinta, mai ita ya yaba ya biya. Bayan shekara biyu bayanai sun ninka sau 10. Idan an rubuta ta ne ta yadda take gwada kowane abu da kowane, aikinta zai ninka sau 100. Mai shago sai ya ce na'ura ta tsufa, alhali na'urar na nan yadda take, littafin ne ya yi kauri.

A manhajojin kasuwanci, wurin da aka fi kama ɓarawon lokaci shi ne rumbun bayanai. Wanda ke da littafin bashi mai shafi 1,000 ba tare da fihirisa ba, dole ya buɗe shafi-shafi duk lokacin da ake neman suna guda. Rumbunan bayanai irin su MySQL da PostgreSQL na iya ajiye rajistar duk tambayar da ta wuce wani adadin daƙiƙoƙi kafin a amsa ta, kuma suna da umurnin EXPLAIN da ke nuna ko rumbun ya bi fihirisa ne ko kuwa ya karanta komai daga farko. Sau da yawa layi ɗaya na ƙara fihirisa kan mayar da aikin minti guda ya koma ƙiftawar ido. Wata cutar kuma ita ce manhajar da ke zuwa rumbu sau ɗaya domin kowane suna, maimakon ta ɗebo sunayen a tafiya guda. A lissafin albashin ma'aikata 5,000, tafiya 5,000 ke nan, kamar a aiki yaro kasuwa sau 5,000 yana sayo ƙwayar gyaɗa ɗai-ɗai.

Ta fuskar kuɗi, lokacin ƙwaƙwalwa ya zama haja mai farashi. Kamfanonin da ke ba da hayar manyan kwamfutoci ta intanet na caji ne gwargwadon amfani. Amazon ya fara lissafin hayar irin waɗannan na'urori da daƙiƙa a shekarar 2017, kuma a ƙarshen shekarar 2020 ya mayar da lissafin wani sashe na hidimarsa mai suna Lambda zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Farashin da dala ake yanka shi. A watan Mayun shekarar 2023 dala na kusan Naira 460 a farashin hukuma, a watan Fabrairun shekarar 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Duk wata makaranta ko kamfani da ke biyan irin wannan haya ya ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara abokin ciniki ko ɗaya ba. Manhajar da aka rage wa aikin banza da rabi na iya komawa kan ƙaramar na'ura mai rahusa, kuma wannan ragi ne da ke maimaita kansa kowane wata.

Wanda na'urarsa ke ofis ma bai tsira ba. Ƙwaƙwalwar da ke aiki ɗari bisa ɗari ta fi mai hutawa shan wuta nesa ba kusa ba, ta fi saurin cinye batirin inbata, kuma ta fi zafi. Tun bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu, 2023, kowace sa'a ta janareta ta zama abin lissafi. Zafin kansa na da nasa sharri: idan ƙwaƙwalwa ta kusa kai iyakar zafin da aka yanka mata, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watan Maris na Lafiya, bayan ƙurar hunturu ta toshe fankar na'ura, kwamfutar da ke gudu da safe na iya zama kunkuru da azahar. Maganin wannan buroshi ne da iska, kuma ma'aunin gudun ƙwaƙwalwa da ke cikin Task Manager na iya tona shi.

Awon ma yana da ƙa'idojinsa. Wanda aka yi ranar Lahadi da dare, babu kowa a kan layi, ba ya faɗin komai game da ranar kasuwa ko ranar biyan albashi. Dole a auna a lokacin cunkoso, da bayanai masu yawan na gaske. Haka kuma matsakaicin lokaci kan ɓoye gaskiya. Idan mutum 99 sun sami amsa a daƙiƙa guda, na ɗarin ya jira minti biyu, matsakaicin zai yi kyau a takarda, amma wannan mutum ɗaya shi ne zai tsaya a gaban kanta yana faɗa, wataƙila ma an cire masa kuɗi sau biyu domin ya sake dannawa. Shi ya sa ƙwararru ke neman a nuna musu lokacin da mafi jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari ya ɗauka. Kazalika, mai kamfani ya lura cewa wanda zai yi awon zai iya ganin bayanan abokan ciniki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya tattara su.

Abin da ya fi kawo cikas a ƙananan kamfanoni shi ne yarjejeniya. Akasari akan ba da kwangilar manhaja da baki, a biya duka ranar da aka ga allo ya yi kyau. Wanda ya sayar da na'ura ribarsa na cikin sayar da wata, wanda ya rubuta manhaja kuma ba ya son a ce rubutunsa ne ke da laifi, don haka kowannensu zai nuna ɗan'uwansa, ko su haɗu su ɗora wa kamfanin waya. Takardar awo ce ke raba wannan gardama. Ya kamata a rubuta a cikin kwangila daƙiƙa nawa rasit ko rahoto zai ɗauka idan bayanai sun kai adadi kaza kuma mutum kaza na aiki lokaci guda, a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gwada. Ya kamata kuma a fayyace wanda ya mallaki asalin rubutun manhajar, domin idan babu shi, ma'auni na iya nuna wurin ciwon amma gyaran zai yi wuya ƙwarai. Masu amfani da manhajar sata kuwa ba su da wanda za su kai wa kuka ko kaɗan. Ma'aikatan da za su iya wannan awo ba sai an ɗauko su daga Legas ba, ganin cewa Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi na yaye ɗalibai a fannin ilmin kwamfuta.

Akwai lokacin da awo zai nuna cewa lallai sai an sayi kaya, amma ko a nan yakan rage kuɗin. Idan ma'adanar wucin gadi ce ta cika, na'ura kan koma tana ajiye aikinta a faifai, wanda ya fi ta jinkiri ƙwarai, kuma ƙara ma'adanar kaɗai ya isa. Idan kuwa allon ya nuna faifai a kashi 100 cikin ɗari alhali ƙwaƙwalwa na hutawa, mai yiwuwa tsohon faifai ne mai juyawa, wanda kan ɗauki kimanin kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya nemo wuri guda. Faifan zamani na SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, na yin wannan aiki a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma kuɗinsa ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar kwamfuta.